Wuridin Waliyyu Ɗan Dako

Waliyyu mutumin Jiga Birni ne, amma a kasuwar albasa ta Aliero aka san shi. Dako yake yi. Idan albasa ta fito, tireloli suka jeru suna jiran a cika su su nufi Kudu, shi za ka hango yana hawa katako da buhu a wuya, yana tafe yana tsokanar direbobi, kai ka ce matashin kai ya ɗauko. Dogo ne, baƙi, mai faɗin ƙirji. Ba ya shan taba, goro ma sai an matsa masa. Mahaifinsa manomi ne kuma Batijjane, ya sha ce masa ya je ya karɓi wuridi, wato ya shiga ɗariƙa ya ɗauki alƙawarin zikirin safe da yamma. Waliyyu kan yi dariya ya ce sai ƙarfi ya fara ja baya. Tsohon ya rasu ba a yi ba.

Ya auri Zinatu, 'yar Malam Usmanu na Andarai ta ƙasar Maiyama, mace marar yawan magana mai tsabtar gida. Allah ya ba su 'ya mace, Umaima. Ba su da yawa, amma tukunya ba ta kwana a kife.

Wata bazara katakon da yake hawa ya goce. Ya faɗo daga saman tirela, buhu ya biyo shi, ƙashin cinyarsa ya karye. Allah ya yi wa Aliero baiwar masu ɗori, nan aka kai shi aka ɗaure ƙafar. Ƙashi ya haɗe, amma ƙafar ta ɗan gajarce, kuma ciwo bai bar ta ba. Da ya koma kasuwa, buhun da yake ɗauka yana waƙa sai ya zama dutse. Kafin azahar ya jiƙe da gumi, cinyar tana zuga kamar an cusa mata garwashi.

Wani abokin dakonsa ne ya miƙa masa ƙwayar tiramol, da kyakkyawar niyya kuwa.

"Haɗiye wagga," in ji shi. "Mu duka ita ad da mu. In ba ita ba, wa ka iya wanga aiki?"

Ranar nan Waliyyu ya yi aikin mutum uku. Ya koma gida da tsire, ya ɗaga Umaima sama tana ƙyalƙyata dariya, ya ce wa Zinatu ƙafa ta warke. Haka abin ya shigo masa, da fuskar alheri. Ƙwaya ɗaya ta koma biyu, biyu suka koma abin da shi kansa ya daina lura da yawansa. Daga baya ba don ciwo yake sha ba. In bai sha ba ne jikinsa ke zama ba nasa ba: hamma, majina, sanyi cikin tsakiyar zafin rana. Ya rame, wuyan nan ya zube. Ya koma mai saurin fushi, yana zaune yana susar jiki, ido rabi a rufe. Tuwo ya daina shiga. Salla kuwa sai ya haɗa azahar da la'asar, wani lokaci har da magariba, ya dungura su a gurguje. Zinatu ta gani, ta yi magana sau ɗaya, ya daka mata tsawar da bai taɓa yi ba. Ba ta sake ba. Sai dai ta riƙa tsince ledojin ƙwayar daga aljihunsa in za ta yi wanki, ta jefa a murhu don kada yarinya ta ɗauka.

Shekarar da Umaima ta fara zuwa makarantar allo aka yi suna a gidan su Zinatu. Zinatu ta riga su tafiya Andarai a mota don taya aiki. Ranar sunan Waliyyu ya ari babur, ya ɗora Umaima a gaba, ta sha kitso da sabuwar riga. Kafin ya tashi ya haɗiyi abin da zai kai shi ya dawo da shi. Sun wuce Maiyama kaɗan, sun shiga hanyar burji, sai duniya ta ɗauke masa.

Abin da ya faru daga nan, daga bakin mutane ya ji shi. Manoman da ke gefen hanya sun ga babur ya kwanta, mai shi yana ta shure-shure a ƙasa, kumfa na fita bakinsa kamar mai farfaɗiya. Yarinyar kuwa babur ya danne mata ƙafa, salansar babur ɗin mai zafi ta kwanta mata daga sha-raɓa zuwa idon sawu. Kafin su iso a guje su ɗaga, fatar ta riga ta tafi. Da Waliyyu ya farfaɗo a gindin wata bishiya, an daɗe da wucewa da ita asibitin Maiyama. Takalminta ɗaya ne ya rage a hanya.

Malam Usmanu bai zage shi ba. A ƙofar asibiti ya tare shi, ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Likita ya ce ba aljannu ba na, ƙwaya ta," in ji tsohon. "Zinatu da ɗiyatta suna wurina. Kai kau tahi ka nemi lahiya."

Waliyyu na da yaya mace, Gudiya, tana aure a unguwar Firchin ta Jega, sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli. Mace ce mai kaifin baki da taushin zuciya. Dangi suka ba da shawarar a kai shi gidan mari, inda ake sa wa irinsu sarƙa a ƙafa. Gudiya ta ce ƙafar da ta riga ta karye ba za a ƙara mata ƙarfe ba tana raye. Ta sa shi a mota ta kai shi wani asibiti da ke da sashen masu shaye-shaye, ta zauna a barandar har aka ba shi gado.

Makonnin farko ba ya son tuna su. Amai, gudawa, ƙasusuwa kamar tururuwa na yawo a ciki. Da jikin ya lafa, likitan ya ɗora shi a kan wata 'yar ƙwaya da ake sawa ƙarƙashin harshe kowace safiya. Bai ɓoye masa komai ba. Ya ce ita ma dangin waccan ce, amma an auna ta, ba ta bugarwa, aikinta ta kwantar da yunwar da jiki ke yi. Za a riƙa rage ta sannu a hankali, yana iya ɗaukar shekara, yana iya fin haka. Abu ɗaya ya roƙe shi: kada ya yanke ta da kansa.

Bayan an sallame shi bai koma Aliero ba, don a can ko mai shayi ya san inda ake samunta. Mijin Gudiya ya ba shi ɗakin zaure, ya kuma samo masa aikin ban-ruwa a wata gonar albasa a fadama. Da safe ya sa maganinsa, ya tafi ya tayar da inji, ya bi kwarin ruwa da fartanya yana buɗe wa fangali ɗaya yana toshe wani. Aikin bai dame shi ba. Yamma ce abokiyar gabarsa. Da rana ta karkata, hannu ya rasa abin yi, sai tunanin Umaima ya sauko masa, a bayansa kuma sha'awar abin da zai kashe tunanin.

Bayan gidan akwai zawiyar Malam Abdussalam, wani ɗan masallaci da Tijjanawan unguwar ke taruwa. Kullum bayan magariba sukan zauna da'ira su yi wazifa, muryoyinsu na tashi tare suna sauka tare. Waliyyu ya san wannan sautin tun yana yaro. Ya fara da zama a dakalin waje. Daga nan ya matsa bakin ƙofa wajen takalma, daga baya ya shige ciki ya raɓe a bayan da'ira. Ya lura da wani abu: muddin ana zikirin nan, abin da ke cizonsa a ciki yakan sake shi. Da an shafa fatiha yakan dawo, amma da sauƙi.

Wata safiya ya yi wanka, ya sa rigarsa mai dama-dama, ya je ya sami Malam Abdussalam a zaurensa. Malam shi ne muƙaddami, wato mai izinin ba da wuridi. Tsoho ne siriri, idonsa ɗaya ya yi yana, yana zaune a buzu yana gyaran bangon wani littafi. Waliyyu ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Bai ɓoye tarihinsa ba, har maganin da yake sawa ya faɗa.

Malam ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ka san nauyin abin da kaka nema? Lazimi safe da yamma, wazifa kullum, zikiri ran Juma'a. Salla cikin lokacinta. Babu taba, babu abin maye. Kuma wanda yak karɓa ba shi ajiyewa sai ran da anka ajiye shi."

"Na sani, Allah shi gafarta Malam."

"To mi yas sa yanzu?"

Waliyyu yana da amsoshi da yawa, amma wadda ta fi kusa da bakinsa ita ta fito. "Surukina Batijjane na. In yaj ji na karɓa a hannunku, ina sa ran shi maido min iyalina."

Malam ya ci gaba da shafa bangon littafin da babban yatsa. "Allah shi daidaita ku," in ji shi. "Amma ka dakata tukuna. Ci gaba da zama da mu."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Waliyyu ya tashi ya fito. A ƙofa ya haɗu da Mubashir tela, wanda ke jan baki a wazifa saboda daɗin muryarsa. Telan ya ji abin da aka yi, don zauren ba shi da ƙyaure. Mubashir ba mugu ba ne. Shan maganin tari ne ya kashe ƙanensa, shi ya wanke gawar da hannunsa, tun daga nan ba ya son ko jin sunan ƙwaya.

"Ɗan'uwa, kada ka ji haushi," ya ce masa a hankali. "Ba a ɗora wuridi bisa ƙwaya. Taba ma an hana, balle wagga. Ko daga hannun likita tah hito, ai kai da bakinka kac ce danginta ta. Ka tsarkaka tukuna, sannan ka dawo."

Maganar ta zauna wa Waliyyu daram, don ta yi daidai da abin da shi ma yake raya wa kansa. Kowace safiya in ya ɗaga harshe ya sa 'yar ƙwayar nan, sai ya ji kamar ɓarawon da aka ba gadin kasuwa. Ya ce a ransa, ashe abin da Malam ya ji nauyin faɗa ke nan. Washegari bai sa maganin ba. Ya tura shi cikin ramin bango, bai gaya wa kowa ba.

Kwanan farko ya ji kansa kamar sarki. Ya yi alwala yana jin yau ne ya tsarkaka. Daga nan tsohon baƙo ya dawo. Hamma ta fara, idanu na zubar ruwa, gwiwoyi suka saki. A gona ya kasa jan igiyar inji. Gudiya ta ga yana rawar sanyi ta ce zazzaɓin sauro ne, ta dafa masa ganye. Ya sha ya yi godiya. Ya ci gaba da gaya wa kansa cewa jarrabawa ce, in ya daure ta wuce. Maganin yana nan cikin bango, hannu kawai zai miƙa, amma ya riga ya sa masa sunan haram, ya ji kunyar komawa gare shi. Abin mamaki, waccan ta asali ba ta zo masa da kunya ba. Ita dai kiransa kawai take yi.

Ranar Juma'a da hantsi ya ce wa Gudiya zai je Aliero gaida abokai. Bai ga aboki ko ɗaya ba. Ya sayi tiramol, ya shiga bayan wani rudu na ajiyar albasa, ya haɗiye daidai yadda ya saba a da. Bai san jikinsa ya manta da wannan lissafin ba.

Ya dawo Jega da la'asar yana jin ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Ciwo ya tafi, tsoro ya tafi. Ya ji ana haramar zikirin Juma'a, sai ya ga babu abin da ya fi dacewa da wannan daɗin kamar ambaton Allah. Ya shiga, wannan karon har cikin da'ira. Zawiya ta cika maƙil, har da baƙi daga ƙauyuka. Mubashir ya ja, jama'a suka amsa, kalmar shahada tana kai da komo. Waliyyu ya ɗaga murya fiye da kowa. Ana tsakiyar haka ya sandare, ya kife. Ya yi ta bugun tabarma da kai, ya ciji harshensa jini ya ɓata masa gemu, fitsari ya kufce masa ya bi shimfiɗar masallaci. Wasu baƙi suka ɗauka jazabu ne ya kama shi, irin wanda ke ɗaukar mai zikiri. Da aka zo ɗaga shi sauran ƙwayoyin suka zubo daga aljihunsa a gaban kowa.

A asibiti ya farka. Likitan bai yi masa faɗa ba, ya dai ce saura ƙiris da sai dai a yi masa salla, kuma duk ragin da aka yi a baya ya rushe, za a koma farko. Gudiya ce ta yi faɗan. Ta tsaya a kansa tana magana tana share hawaye da bakin mayafi.

"Ina dahwa maka ganye kana kallona, ka san abin da kay yi. Ni kam mi nay yi maka, Waliyyu?"

Da suka koma gida Waliyyu ya shige ɗakin zaure ya ƙi fita. Ya ji an ce sai da aka fitar da tabarmin zawiya duka aka wanke aka shanya a rana, yara na tambaya ana kora su. In magariba ta yi, sautin wazifa ya tsallako katanga, sai ya juya fuska ga bango.

Ana nan wata la'asar sai ya ji ƙarar sanda da sallama. Malam Abdussalam ne da kansa. Waliyyu ya zabura zai sauka ƙasa, Malam ya ce ya zauna. Tsohon ya sami gefen tabarma, ya daɗe yana maida numfashi.

"Yayarka ta hwaɗa min ka bar maganin likita don wuridi," in ji shi. "Ni nic ce ka bari?"

"Ba ku ce ba, Malam. Amma kun ce in dakata."

"Na ce. Kuma da na san inda za ka kai maganar, da na ƙara maka bayani." Ya jingina sandarsa da bango. "Batun maganin ga, ni ma ya tsaya min a rai. Na tambayi waɗanda sunka hi ni karatu, ba su haɗu bisa baki guda ba. Na sa an tambayo min likitanka ko shina gusar da hankali, yac ce a'a. Abin da zuciyata ta natsu da shi, abin da likita yab ba ka da awo, hankalinka na jikinka, kana sanin abin da kaka karantawa cikin salla, wanga magani na. Mai ciwon suga ba mu hana mai wuridi don allura. Wasu cikin 'yan'uwa ba su yarda da ni ba, kuma ba ni iya tilasta su."

Waliyyu ya ɗago kai. "To mi yah hana, Malam?"

"Amsar da kab ba ni. Kac ce don a maido maka mata. In an ba ka wuridi, ba a maido ta ba hwa? Ka ajiye? Wanda bai ɗauka ba, babu laihi gare shi. Wanda yaɗ ɗauka yaz zubar, shi nika ji ma tsoro. Kuma kai mutum na mai ciwo. Ban so in ɗora maka alƙawarin da in ka kasa, shi zama wani sabon abin da za ka sha ƙwaya don ka manta."

"Yaushe za ni isa?"

"Ban sani ba," in ji Malam. "Istigfari da salatin Annabi ba su bukatar izinin kowa, ka riƙe su. Ka sa maganinka. Kuma ka dawo zawiya. Tabarma an wanke ta, ta bushe."

Komawar ta fi kwanciyar asibiti wuya. Ranar farko da ya shiga, wanda ke kusa da shi ya ja jiki. Mubashir ya amsa sallamarsa bai dube shi ba. Ya koma mazauninsa na da a bayan da'ira. Haka aka ci damina, aka shiga kaka.

Da aka kawar da gero ya shirya ya tafi Andarai, a motar haya. Malam Usmanu ya karɓe shi a zaure, aka kawo fura. Can aka turo Umaima ta gaishe shi. Ta yi tsawo. Tana tafe tana ɗan ɗage dunduniya, don tabon ya ja fatar ya hana ƙafar miƙewa sosai. Ta durƙusa daga nesa ta ce ina wuni, kamar yadda ake gaida baƙo, ta juya ta koma ciki. Waliyyu ya ajiye ludayin.

Zinatu ta fito ta zauna a bakin ƙofar cikin gida, ta ba shi gefe. Mahaifinta ya ce ta faɗi abin da ke ranta, ba wanda zai matsa mata.

"Na ji an ce kana ƙoƙari," in ji ta, idonta a ƙasa. "Na kuma ji abin da yah hwaru a masallaci. Ba ƙin ka nika yi ba, Allah ya sani. Tsoro nika ji. Ko ƙaran babur yarinyag ga taj ji sai ta ruga ɗaki. Ni kuma in na koma, kullum ina kallon idonka ina laluben aljihunka. Ba ni iyawa. Ka sawwaƙe min."

Ya so ya ce ta ba shi wata shida, ya so ya yi rantsuwa. Sai ya tuna rantsuwar da ya sha yi. Ya dubi Malam Usmanu ko zai sa baki, tsohon ya sunkuyar da kai. A nan, gaban uban da wani maƙwabci da aka kira, Waliyyu ya furta saki ɗaya. Muryarsa ta fito kamar ta wani.

A tashar Maiyama motar Jega ta tsaya jiran fasinja. Akwai wani ɗan kemis a tsallaken titi, irin wanda ba a tambayar takardar likita. Waliyyu ya sauka ya tsallaka, ya tsaya a gabansa har mai shagon ya tambaye shi abin da yake so. Ya ce ruwa. Ya koma ya zauna a benci, motar ta cika ta tafi ta bar shi, wata ma ta cika ta tafi. Ya san in ya sake miƙewa ba mota zai nufa ba. Daga ƙarshe ya ciro waya ya kira Gudiya ya ce ta zo ta ɗauke shi. Ba ta tambayi dalili ba. Ta bar gyaɗa a kan wuta ta shigo mota, ta same shi a inda yake, ta kama hannun rigarsa kamar yaro suka koma.

Bai daina zuwa zawiya ba. Ba don ƙarfin imani ba, in ka tambaye shi. Cewa yake in bai je can ba bai san inda zai kai yammarsa ba. Ya gyara sallarsa. Ranar asibiti ba ta wuce shi. Bayan azumi, wata safiya da aka idar da sallar asuba, Malam Abdussalam ya ce ya tsaya. Ya sake karanta masa sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye shi ko har yanzu yana so. Waliyyu ya ce yana so, amma yana tsoro. Malam ya ce wanda ba ya tsoro shi ne abin tsoro. Ya kama hannunsa ya laƙƙana masa wuridin. Mutum biyu ne kawai a wurin. Waliyyu ya ɗauka zai ji wani abu ya sauka a ƙirjinsa. Bai ji komai ba sai sanyin tafin tsohon da zugin cinyarsa. Da ya koma ɗaki ya ɗaga harshe ya sa maganinsa, ya tafi gona.

Maganar ba ta mutu ba. Mubashir ya gaya wa Malam a gaban jama'a, cikin ladabi, cewa shi bai gamsu ba, wasu ma suka bi bayansa. Har yau in Waliyyu ya zauna cikin da'ira akwai waɗanda ke barin tazara tsakaninsu da shi. Likita ya rage maganin sau ɗaya, jiki ya ƙi, aka mayar. Akwai ranakun da yake idar da lazimi bai san abin da ya karanta ba, hankalinsa na can bayan rudun Aliero. Zinatu ta gama idda, an ce wani malamin makaranta a Maiyama ya fito neman aurenta.

Kwanan baya Malam Usmanu ya aiko cewa an sami likitan da zai duba ƙafar Umaima a Birnin Kebbi, wataƙila a yi mata aiki a saki fatar. Ya ce uba ne ya kamata ya kai ta, amma da sharaɗi: a mota, kuma Gudiya na tare da su tun daga fita har dawowa. Waliyyu ya ce ya yarda. Ya shiga kasuwar Jega don ya saya mata silifas na tafiya. Mai takalma ya tambaye shi lambar ƙafarta. Ya buɗe tafin hannunsa ya gwada, ya ƙara buɗewa, ya rage. Daga ƙarshe ya ce a ba shi mai ɗan girma, in ya yi mata yawa ta sa baɗi.